Jinyar Muƙamuƙi: Aikin Likita na Sa'o'i, na Gida na Makonni

Duk wanda ya taɓa zuwa dubiya a gefen da ake kwantar da waɗanda aka yi wa aikin muƙamuƙi a manyan asibitocin koyarwa na Arewa, kamar na Shika kusa da Zariya, ko na Malam Aminu Kano, zai lura cewa wurin ya fi sauran ɗakuna shiru. Dalili kuwa shi ne, da yawa daga cikin majiyyatan an ɗaure musu haƙoran sama da na ƙasa da waya, ba su da ikon buɗe baki, balle su amsa gaisuwa yadda suka saba. Mafi yawansu samari ne da haɗarin babur ko na mota ya kawo su. Akwai kuma waɗanda suka faɗo daga bisa itace, da waɗanda jaki ko doki ya harba, da masu ƙari a ƙashin baki.

Hanya biyu likitoci suka fi bi wajen gyaran karayar muƙamuƙi. Ta farko ita ce a daidaita haƙora yadda suke haɗuwa a da, sa'an nan a ɗaure su da waya har mako 4 zuwa 6, domin ƙashin ya haɗe ba tare da motsi ba. Ta biyu, wadda ta fi tsada, ita ce a tsaga a kafa 'yan faranta na ƙarfen titaniyom da ƙananan kusoshi a kan karayar. Mai irin wannan aiki yakan sami buɗe baki da wuri, amma shi ma ba a yarda ya tauna abu mai tauri ba sai bayan kamar mako 6. Idan kuwa ƙari ne ya sa aka yanke wani sashe na ƙashin, akan ɗebo wani daga haƙarƙari ko ƙugu a cike gurbin.

A kwanakin farko, abin da ma'aikatan jinya suka fi sa wa ido shi ne numfashi. Fuska takan kumbura, kumburin kuma yakan kai matuƙa a rana ta biyu ko ta uku, kafin ya soma sacewa. Saboda haka akan tada kan majiyyaci da matashi biyu ko uku, a ba shi ruwa da magani ta jijiya, wani lokaci ma a zura masa siririyar roba ta hanci don ciyar da shi. Yana da kyau dangi su ajiye masa takarda da biro, ko a shirya wasu alamu da hannu idan ba ya rubutu. Sau da yawa leɓen ƙasa da haɓa sukan mutu, ba ya jin taɓi a wurin, domin jijiyar da ke kai musu ji ta cikin ƙashin muƙamuƙi ta bi. Jin yakan dawo a hankali cikin makonni ko watanni, ko da yake akwai waɗanda ba ya komo musu gaba ɗaya.

Ranar sallama daga asibiti, nauyin jinya ya koma kan uwa, ko mata, ko ƙanwa, kuma babban aikinsu shi ne ciyarwa. Masu iya magana sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ƙashi ba ya haɗewa da tsinkakken koko da shayi kaɗai, jiki na bukatar abinci mai gina shi. Ba sai an nemi kayan kanti ba: kunun gyaɗa, da madara, da kindirmo, da madarar waken soya, da farfesun kaza ko na kifi da aka cire wa ƙaya aka markaɗa har da tsokar, da dafaffen wake da aka niƙa aka sassauta da romo, da ayaba ko gwanda da aka dama da nono, duk sun wadatar. Sharaɗin shi ne a tace kome da rariya, don kada wani gari ya maƙale a waya. Abincin yana wucewa ne ta 'yar kafar da ke bayan turamen haƙora, da ƙaramin kofi ko sirinji mai roba a baki. Tun da yake kaɗan-kaɗan yake shiga, sai a ba shi sau 6 zuwa 8 a yini. Mai jinya ta riƙa gwada zafin abincin a bayan hannunta, gama leɓen da ba ya ji yana iya ƙonewa mai shi bai sani ba. Ko da an yi duk wannan, majiyyaci yakan rame ya zubar da kilo da dama.

Tsabtar baki ita ce ta biyu. Bayan kowane ci sai a kurkure da ruwan ɗumi mai rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofi guda, ko da maganin kurkura da likita ya rubuta, a goge haƙora da buroshin yara mai laushi. Asuwaki ya dakata tukuna. Taba kuwa tana jinkirta warkewar ƙashi da ta rauni, barin ta wajibi ne.

Abin da ya fi ba dangi tsoro shi ne amai alhali baki na ɗaure. Idan ya taso, a zaunar da majiyyaci ya sunkuya gaba, ko a juya shi kan gefensa. Da yake ruwa-ruwa yake sha, aman yakan fita ta tsakanin haƙora. Duk da haka, kada a bar asibiti sai an sami abin yanke waya, an kuma koyi wayoyin da za a yanke in numfashi ya sarƙe, kuma abin ya zauna kusa da shi dare da rana. Zazzaɓi, ko mugunya, ko wari daga baki, ko kumburin da ya sake tashi bayan ya soma sauka, ko waya da ta kwance, kowannensu dalili ne na komawa wurin likita a ranar.

Gajen haƙuri ne ya fi lalata wannan aiki. Wani in ya kai mako biyu ya ji zogi ya tafi, sai ya sa a kwance masa waya da filaya a gida, wani kuma a kai shi wurin mai ɗori. Amma muƙamuƙi ya bambanta da hannu ko ƙafa: idan ya haɗe a karkace ko da kaɗan ne, haƙora ba za su sake gamuwa daidai ba, tauna ta zama wahala, gyara kuma sai an sake karya ƙashin a ɗakin tiyata.

Ranar da aka cire waya ma jinya ba ta ƙare ba. Baki yakan ƙage, da ƙyar yatsa ɗaya ke shiga. Likita zai koya masa motsa muƙamuƙi sau da yawa a yini, har ya kai yatsunsa uku su shiga a jere tsakanin haƙoran gaba. Za a soma da fate, da dafaffen dankali, da tuwo mai laushi da miyar kuka. Goro da rake da kilishi da aya su jira izinin likita, haka nan ƙwallo da dambe.

Babu inda muhimmancin wannan motsa baki ya fito fili kamar a Asibitin Yara na Noma da ke Sakkwato, wanda aka buɗe a 1999, wanda kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta soma tallafa wa a 2014. Noma a nan sunan cuta ce mai cin naman fuska, wadda ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da yunwa. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. Da yawa daga yaran da suka tsira sukan tashi da muƙamuƙi a kulle. Bayan an buɗe shi da tiyata, sai an yi watanni ana motsa shi kullum, in ba haka ba ya sake kullewa.

Ga masu hawa babur, tun 1 ga Janairu, 2009 Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta soma tilasta sa hular kwano, kuma wadda ta rufe har haɓa ita ce ke kare muƙamuƙi. Wanda kuwa ƙaddara ta riga ta faɗa masa, ya riƙe ranakun da aka ba shi na komawa asibiti, dangi kuma su tsaya a kan rariya da ruwan gishiri har makonnin su cika.