Siffa da matakan rayuwar Attacus atlas: gwajin kalmomi a Hausa

1. Gabatarwa

Hausa tana da "malam-buɗe-littafi" ga ƙwaron da ke tashi da rana, da "asu" ga wanda ke cin tufafi. Babu ɗayansu da ya dace da manyan ƙwarin dare na dangin Saturniidae. A nan za mu yi bayanin ɗaya daga cikinsu, Attacus atlas, wanda Linné ya raɗa wa suna a 1758, domin mu ga ko kalmomin da muke da su sun isa koyar da wannan darasi. Za mu kira shi "malam-buɗe-littafin dare".

2. Siffa

Ana samun shi a dazuzzukan Indiya, da kudancin Sin, da Maleziya, da Indunusiya. Faɗin fukafukansa a buɗe yakan kai santimetir 24. Launinsu jan ƙasa ne, kuma kowane fiffike yana da wata ƴar taga mai kusurwa uku wadda haske ke ratsawa. Bakin fukafukan gaba ya lanƙwashe kamar kan maciji. Mace ta fi namiji girma, amma shi yana da ƙahoni masu faɗi kamar gashin tsuntsu, da su yake jin ƙanshin da mace ke saki daga nesa.

3. Matakan rayuwa

a) Ƙwai: mace tana saka shi a ƙarƙashin ganye, ya ƙyanƙyashe bayan kimanin mako 2.

b) Tsutsa: koriya ce, da farin gari a jikinta. Tana cin ganyen lemu da gwaba da kirfa, tana yin saɓa kamar maciji, har tsawonta ya zarce santimetir 11.

c) Kwanci: tana saƙa wa kanta jakar zare a jikin ganye, ta shige. Cikin kimanin mako 4 jikinta ke sauyawa.

d) Balaga: ƙwaron yana fitowa ba tare da bakin cin abinci ba. Da kitsen da ya tara yana tsutsa yake rayuwa, shi ya sa bai wuce mako 1 ko 2 yake mutuwa, bayan barbara.

4. Kammalawa

Ƙwai, tsutsa, saɓa da barbara duk kalmomi ne da manomi ya sani. Matsala tana a mataki na uku, inda Faransanci ya raba chrysalide da cocon. Muna ba da shawarar "tsutsar kwanci" ga na farko, "jakar zare" ga na biyu. Ya kamata a tuntuɓi masaƙan zaren tsamiya, waɗanda suka daɗe suna aiki da irin wannan jaka, kafin a tsaida magana.