Giris da Matsalar Toshewar Kan Giris a Manyan Injuna

Manyan injunan aikin hanya da haƙar ƙasa da noma, irin su katafila da eskabeta da gireda da tarakta, suna da gaɓoɓi masu yawa inda ƙarfe ke juyawa a kan ƙarfe alhali yana ɗauke da nauyi mai tsanani. A hannun eskabeta, alal misali, kowace gaɓa tana da fin, wato sandar ƙarfe mai kauri da ke haɗa sassa biyu, da kuma bushin, wato zoben da fin ɗin ke juyawa a cikinsa. Abin da ke hana waɗannan biyun cin juna shi ne ɗan siririn shafin giris da ke tsakaninsu, wanda idan ya ƙare gaɓar takan fara kuka, daga baya ta yi sako-sako, har ta kai ga ramin fin ɗin ya faɗaɗa ya bukaci walda da sabon huji.

Shi giris haɗi ne na abubuwa uku: man shafawa, wanda shi ne kaso mafi yawa, da sinadarin da ke ba shi kauri, wanda galibi wani nau'in sabulu ne na ƙarfen litiyam ko kalsiyam, sai ƙarin sinadarai masu hana tsatsa da taimakawa wajen jure nauyi. Sinadarin kaurin yana riƙe da man ne kamar yadda soso ke riƙe ruwa, yana sakinsa kaɗan-kaɗan idan an matsa shi ko ya ji zafi. Cibiyar NLGI ta Amurka ta kasa giris aji tara gwargwadon kaurinsa, daga 000 mai ruwa-ruwa zuwa 6 mai tauri, kuma aji na 2 ne aka fi amfani da shi. Ga fin da bushin, kamfanoni da dama suna ba da shawarar baƙin giris mai sinadarin moli, domin yana barin shafi a jikin ƙarfe ko da nauyi ya matse man ya fitar.

Ƙofar da giris ke bi ya shiga gaɓa ita ce kan giris, wanda kanikawa ke kira nipul, kuma irin wanda ya yaɗu a duniya yana ɗauke da sunan Oscar Zerk, wanda aka ba shi rajistar mallakar ƙirƙirarsa a Amurka a 1929. A bakinsa akwai ɗan ƙwallon ƙarfe da sifirin ke tokare da shi daga ciki, ta yadda idan famfon giris ya turo, ƙwallon zai ja da baya ya ba da hanya, idan an cire famfon kuma ya koma ya rufe don kada datti ya shiga.

Toshewa tana faruwa ne ta hanyoyi sanannu. Idan aka daɗe ba a yi giris ba, man yakan tsiyaye ya bar sabulun ya bushe ya daskare a cikin hujin. Ƙura ma tana da hannu, musamman a ƙasar Hausa lokacin hunturu, domin duk wanda ya ɗora famfo a kan nipul ɗin da bai goge ba, da hannunsa yake tura yashi cikin gaɓa, kuma ƙwayar yashi ta fi yawancin ƙarafa tauri. Haka nan gauraya giris iri biyu da sinadaran kaurinsu ba sa jituwa yakan sa haɗin ya sandare ko ya tsinke, sannan wani lokaci bushin ne ke zamewa ya rufe hujin.

Babban kuskure shi ne a tsallake nipul ɗin da ya ƙi karɓa da sunan sai gobe, domin ƙin karɓar shaida ce cewa gaɓar tana aiki a bushe. Matakin farko shi ne a goge shi, a motsa hannun injin ko a sauke bokiti ƙasa don nauyi ya sauka daga kan fin, a sake gwadawa. Idan bai yi ba, sai a kwance nipul ɗin da sifana a maƙala shi a bakin famfo: in giris bai fito ba, laifin na nipul ne, sai a jiƙa shi a kananzir ko a sauya shi da sabo mai zare iri ɗaya, in ya fito, toshewar tana cikin hujin, sai a sakace busasshen giris da waya, a ɗiga mai marar kauri a bar shi ya jiƙa. Akwai kuma wani kayan aiki da ake cika wa mai, a ɗora shi a kan nipul a buga da guduma, ƙarfin bugun ya fasa daskararren giris ɗin. Idan duk wannan ya faskara, babu makawa sai an zare fin an wanke.

Aikin yana da haɗarin da bai kamata a raina ba. Famfon hannu yana iya kai matsin fam 10,000 a kan kowane inci murabba'i, alhali tayar ƙaramar mota ba ta cika wuce 35 ba, saboda haka giris na iya huda fata ya shiga yatsa, kuma ko da raunin bai wuce tsinin allura ba, yana bukatar likitan tiyata cikin gaggawa don kada a rasa yatsan. Haka kuma giris ɗin da ke ɗaure sarƙar katafila da eskabeta yana cikin matsi mai tsanani, don haka ba a kwance nipul ɗin da ke wurin sai ta hanyar da littafin injin ya tsara.

Maganin da ya fi kowane sauƙi shi ne a yi wa gaɓoɓin bokiti da hannu giris a kan kari, wanda a injuna da yawa yana nufin kowace rana ko bayan awa goma na aiki, ana turawa har sai tsohon ya fito ta gefe an ga sabo, amma ban da boris mai rufi, wanda yawan giris ke fasa masa roba. Hakkin mai injin ne ya tanadi giris iri ɗaya da nipul na ajiya, ya kuma ba direba lokacin wannan hidima kafin a fara aikin yini, domin kuɗin nipul da minti kaɗan na safiya ba su kai ko kusa da kuɗin fin da bushin da kwanakin da injin zai yi a ajiye ba.