Kura, akuya da Waziri Aku: Hirar daren da hanyar Keffi ke cinyewa

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Keffi yakan bar gida da asuba, ya bi cunkoson Masaka da Mararraba da Nyanya zuwa Sakatariya a Abuja, ya dawo bayan sallar isha'i a gajiye. Kafin ya shigo, yara sun yi barci ko sun duƙufa a kan waya. Ta haka hirar dare, wadda a da ake koya wa yaro tunani da harshe a cikinta, take salwanta a gidaje da dama.

A irin wannan hira ce ake jefa wa yara tsohuwar wasa ƙwaƙwalwar nan: mutum ne zai ƙetare kogi da kura da akuya da damin harawa, kwalekwalensa kuwa ba ya ɗaukar fiye da shi da abu guda. In ya bar kura da akuya, akuya ta halaka. In ya bar akuya da harawa, harawa ta ƙare. Sai yaro ya gano cewa dole a fara da akuya, a kuma dawo da ita a tsakiyar aiki, kafin a gama a sawu bakwai. Wanda ya warware ta ya koyi haƙuri da hangen nesa.

Littattafan da iyaye suka tashi da su ma haka suke. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito ne daga gasar rubutu ta 1933, tare da Ganɗoki na Bello Kagara da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Magana Jari Ce kuwa, wanda littafinsa na farko ya fito a 1937, an gina shi ne a kan aku mai hikima da ke tsare ɗan sarki a gida da labarai.

Keffi gari ne na ilimi, mai Kwalejin Gwamnati da ta yaye marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, da kuma Jami'ar Jihar Nasarawa. Sai dai makarantu masu zaman kansu da yawa a wannan yanki da Turanci suke koyarwa, har yaro ya girma yana jin Hausa bai iya karanta ta ba.

Wanda ranakun aiki suka fi ƙarfinsa yana da daren Asabar. Labari ɗaya daga Magana Jari Ce, uba ya karanta rabi, ɗa ya ƙarasa, ya isa mafari.