Awon Hawan Jini Ta Na'ura Ga 'Yan Gudun Hijira Masu Ciki: Abin Da Ya Rataya A Wuyanmu

 

'Yan'uwa, tun da fitinar 'yan bindiga ta tsananta a Burkina Faso, dubban mutane sun tsallako zuwa arewacin Gana, mafi yawansu mata da yara. Hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Gana da UNHCR sun ba wasu masauki a Tarikom, a gundumar Bawku ta Yamma. Wasu kuwa suna zaune cikin jama'a a ƙauyuka da zanguna. Cikinsu akwai masu juna biyu waɗanda suka baro katin awo da ungozomar da ta san su.

Babban haɗarin da ke bibiyar irin waɗannan mata shi ne hawan jinin ciki. Yakan taso bayan mako 20, kuma sau da yawa mace ba ta jin komai. Idan awo ya kai 140 bisa 90, jini ya hau. Idan ya kai 160 bisa 110, lamarin na gaggawa ne. In aka bar shi, yakan taɓa ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa, ya tauye abin da ke ciki, ya kai ga jijjiga. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2014 cewa kusan kashi 14 cikin 100 na mutuwar mata ta dalilin ciki da haihuwa daga wannan ciwo ne.

To, mene ne awon na'ura? Na'ura ce da ake ɗaurawa a damtse, a danna maɓalli, ta nuna lamba. Sai a aika lambar ga ungozoma ta saƙon waya ko WhatsApp, ita kuma ta ce a ci gaba da lura ko a taho asibiti. Akwai wata mai suna CRADLE VSA, wadda masana a King's College ta Landan suka samar tare da kamfanin Microlife. Tana da fitilu uku: kore na nufin lafiya, rawaya a kula, ja a yi gaggawa. Da cajar waya ake cajinta, kuma an yi aiki da ita a sansanin Bidibidi na Uganda, inda mutanen Sudan ta Kudu ke gudun hijira. Amfaninta a bayyane yake: matar da ke jin Mosanci ko Fulatanci kaɗai ta san ma'anar jar fitila ba tare da tafinta ba.

Sai dai a lura da wannan. An gwada na'urar a wurare 10 a Afirka da Indiya da Haiti, aka fitar da sakamako a 2019, kuma binciken bai tabbatar da cewa na'urar ce ta rage mace-mace ba. Na'ura faɗakarwa take yi, ba ta warkarwa. Idan ja ta kama da tsakar dare babu babur, ko miji ya ce a bari gari ya waye, awon bai amfanar ba.

Nan ne aikinmu yake. Na farko, mazaje su bar matansu zuwa awon ciki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar ganawa 8 kafin haihuwa, kuma tun 2008 kula da mai ciki kyauta ne a ƙarƙashin inshorar lafiya ta Gana, in ta yi rajista.

Na biyu, a san alamomi: ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, ciwo a saman ciki, kumburin fuska da hannaye. Suna iya zuwa ko bayan haihuwa, a cikin kwanakin jego.

Na uku, jijjigar mai ciki ba bugun aljani ba ce. A kwantar da ita a gefen hagu, kada a cusa mata cokali ko rubutu a baki, a kira 112 ko a garzaya asibiti, inda ake da allurar maganeziyam salfet. Addu'a a yi ta a kan hanya, domin neman magani ba ya kore tawakkali.

Na huɗu, kwamitocin masallatai a Bimbila da Salaga da Yendi da Bawku su tuntuɓi ma'aikatan CHPS na kusa, su sayi na'urar da aka tabbatar ta dace da masu ciki, a koya wa mata amintattu amfani da ita. Mai awo ta zauna ta huta minti 5, hannunta daidai da ƙirji, ba ta magana. Sakamakon awo amana ne, kada a baza shi a zaurukan waya. A kuma ware wani abu daga sadaka domin man babur ko kuɗin mota, a san direban da za a tasa da dare.

Mutanen Madina sun raba gidajensu da dukiyarsu da Muhajirai. Abin da baƙuwarmu mai ciki take buƙata bai kai haka ba: awo a kan lokaci da abin hawa idan ja ta kama. Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya mayar da zaman lafiya ƙasashenmu. Amin.