Me ya yi maka daɗi yau?

A watan Agusta, lokacin da ruwan Duwala ke kwana yana zuba, na je asibiti saboda ciwon kai da ya ƙi sakina. Nas ta gwada ni, ta sake gwadawa, sannan ta ce: "Malam, shekarunka nawa?" Jinina ya hau, alhali ban kai arba'in ba.

Ban yi mamaki ba. New Bell ba wurin hutu ba ce tun asali: a 1914 Jamusawa suka taso mutanen Duwala daga bakin kogin Wouri zuwa nan, baƙi suka biyo baya, har da kakanninmu fatake. Yau ga cunkoso, ga kwata na ambaliya, ga ƙarar bensikin tun asuba, ga ɗauke wuta cikin zafi. Ni kuma ga aji cike da yara.

Likita ya ba ni magani, ya ce in rage gishiri. Abin da ya rage, wani dattijo tela a layinmu ne ya koya mini. Kullum na dawo ina ƙorafi, sai ya ɗaga kai daga keke ya ce: "To ɗana, na ji. Me ya yi maka daɗi yau?" Da farko haushi nake ji. Daga baya na fara neman amsa tun a hanya, don kar in ji kunya: makala mai zafi da kunu kafin lekol, ƙanshin soya da magariba, iskar da ke kaɗawa bayan ruwa ya ɗauke, yarinyar da ta karanta jimla guda ba tangarɗa bayan wata uku muna fama.

Ashe masana sun gwada wannan. A 2003 Robert Emmons da Michael McCullough a Amurka suka wallafa binciken da suka yi kan ɗalibai: wasu na rubuta abubuwa biyar da suke godiya a kansu kowane mako, wasu na rubuta abubuwan da suka ɓata musu rai. Bayan mako goma, 'yan rukunin farko sun fi jin daɗin rayuwa, sun rage kukan ciwon jiki, sun kuma fi motsa jiki. Dalilin ba boyayye ba ne. Damuwa kan sa jiki ya saki sinadaran da ke gaggauta bugun zuciya su hana barci. Hankali in ya tsaya kan abu mai daɗi, ko na minti biyu, jiki na samun sararin saukowa.

Kar a fahimce ni ba daidai ba. Ƙanshin soya ba ya biyan kuɗin haya, kuma mai hawan jini da ya bar ƙwayarsa don "ya ji sauƙi" wasa yake da ransa. Ni har yau ina sha.

Yanzu duk Juma'a, kafin a tashi, nakan yi wa ajina tambayar tela. Makon jiya wani yaro ya daɗe yana tunani, sannan ya ce: "Malam, ruwa bai shiga ɗakinmu ba."