Me ya sa faifan da aka naɗa a kwamfuta yake ƙin yi a na'urar DVD ta gida?

Abu ne da ya sha faruwa a Tanut da Balbeji da ƙauyukan Damargu. An yi biki ko suna, mai ɗaukar bidiyo ya kawo faifai, dangi sun taru gaban talabijin, sai na'ura ta yi ta juyi ta rubuto "No Disc". A mayar da faifan shago, a sa a kwamfuta, ya yi tsaf. Daga nan gardama ta tashi: mai faifai ya ce an cuce shi, mai shago ya ce na'urar gida ce ta mutu. Galibi kowannensu yana da rabin gaskiya. Ga wanda zai koma da faifan Damagaram, tafiyar kusan kilomita 150 daga Tanut, gara ya san inda matsalar take kafin ya biya kuɗin mota.

Abu na farko shi ne tsarin da aka zuba bidiyon. Kwamfuta tana karanta kusan kowane irin fayil, na'urar gida kuwa ƴan tsare-tsare kaɗan ta sani. Tsarin VCD, wanda kamfanonin Philips da Sony da Matsushita da JVC suka fitar a 1993, shi ne finafinan Hausa na Kano suka daɗe suna zuwa a kansa bayan zamanin kaset. Yana amfani da MPEG-1, kuma faifan CD mai megabait 700 yana ɗaukar kusan minti 80, shi ya sa dogon fim yake zuwa a faifai biyu. DVD, wanda ya fara shiga kasuwa a Japan a 1996, yana amfani da MPEG-2, kuma na'ura tana neman folda mai suna VIDEO_TS da fayilolin VOB da IFO a cikinta. In mai shago ya kwaso bidiyon MP4 daga waya ko WhatsApp ya zuba shi a faifai yadda yake, na'urar gida ba za ta ga fim ba. Ko masu tambarin DivX, da ke karanta fayilolin AVI, yawancinsu ba su san H.264 da wayoyin yanzu ke ɗauka da shi ba, kuma ba sa karɓar hoton da girmansa ya wuce 720 a 576. Maganin shi ne a juya bidiyon zuwa tsarin DVD-Video kafin a naɗa.

Na biyu shi ne rufe faifai. Manhajar naɗa tana iya barin faifai a buɗe don a ƙara masa wani abu daga baya. Kwamfuta tana jure hakan, amma na'urar gida sau da yawa sai an kammala an rufe take gane abin da ke ciki. Wannan gyara ne na ƴan mintoci, a kan na'urar da aka yi naɗin.

Na uku shi ne irin faifan kansa. Faifan kamfani ana buga shi ne da ƴan ramuka a kan roba, a shafe da ƙarfe mai mayar da haske sosai. Faifan shago kuwa rini ne a cikinsa, hasken leza ke ƙona shi ya bar tabo. Masu alamar RW, waɗanda ake gogewa a sake naɗawa, hasken da suke mayarwa ya fi na kowa rauni, don haka tsohuwar na'ura ta fi ƙin su. Akwai kuma bambanci tsakanin DVD-R, da kamfanin Pioneer ya fito da shi a 1997, da DVD+R da ya biyo baya a 2002. Dukansu gigabait 4.7 suke ɗauka, sai dai tsofaffin na'urori sun fi sabawa da mai alamar ragi. Faifai mai hawa biyu, na gigabait 8.5, yakan tsaya a tsakiyar fim daidai inda haske ke sauya hawa. Saurin naɗi ma yana da tasiri: faifan da aka naɗa a 16x don a sallami layi yakan fi wanda aka yi a 4x ko 8x kurakurai, musamman in mai arha ne.

Na huɗu ya shafi talabijin. Nijar ta yi amfani da tsarin SECAM a talabijin ɗinta na da, Najeriya kuma PAL, amma a faifan DVD ƙasashen biyu tsari ɗaya suke bi, wato PAL, hoto 25 a daƙiƙa. In an naɗa faifai a tsarin NTSC na Amurka, mai hoto kusan 30 a daƙiƙa, tsohuwar talabijin tana iya nuna shi baƙi da fari ko hoton ya riƙa birgima. Sau da yawa sauya zaɓi zuwa PAL a cikin saitin na'urar yana wadatarwa. Batun lambar yanki, inda Nijar take yanki na 5, Faransa kuma na 2, ya shafi fayafayan kamfani ne; wanda aka naɗa a shago yawanci ba shi da wannan kulle.

Na biyar shi ne yanayin Damargu. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan idon na'ura, hasken leza kuma yana raunana da tsufa. Irin wannan na'ura za ta ci gaba da karanta faifan kamfani ta ƙi na shago, abin da ke sa mai ita ya rantse cewa lafiyarta ƙalau. Zafin bazara da rana kai tsaye suna lalata rinin faifai, har wanda ya yi bara ya ƙi yi bana.

Gwaji mai sauƙi yana raba gardama. A kai faifan gidan maƙwabci: in ya yi a can, na'urar gida ce ke son mai gyara ya goge mata ido. In ya ƙi a na'urori biyu ko uku amma ya yi a kwamfuta, tsari ne ko rufewa, kuma aikin mai shago ne ya sake. In ya ƙi ko'ina, faifan ya lalace. Mai goge faifai ya yi amfani da ƙyalle mai laushi, daga tsakiya zuwa baki, kar ya bi zagaye.

Masu na'urar da ke da ramin USB su lura cewa yawancinsu tsarin FAT32 kaɗai suke karantawa, wanda ba ya ɗaukar fayil ɗaya da ya wuce gigabait 4, kuma ƙa'idar irin bidiyo tana nan yadda take.

Fim ɗin kasuwa in ya ƙi, ana sayen wani. Bidiyon ɗaurin aure ko muryar tsohon da ya riga mu gidan gaskiya ba a sake ɗaukarsu. Don haka kafin a biya mai ɗauka, a nemi ya gwada faifan a na'urar gida a gaban mai shi, ya naɗa biyu, ya kuma ba da ainihin fayil ɗin a katin waya ko USB. A ajiye faifai ɗaya cikin gidansa, a inuwa, a riƙa kallon ɗayan.