GEMU BA YA HANA ILMI: Dattawan Arewa Mazauna Kudu Da Zancen Komawa Aji

A farkon shekarar 2023, lokacin da aka sake fasalin takardun Naira kuɗi suka yi wuyar gani a hannun jama'a, an ga abin tausayi a kasuwannin da mutanen Arewa suke hada-hada a Kudu. Dattijon da ya shekara talatin yana fataucin goro tsakanin Shagamu da Kano, ko dillalin shanu a Agege wanda yake riƙe da lissafin miliyoyi a ka ba tare da kuskuren kwabo ba, sai ga shi tsaye gaban yaro sa'an jikansa yana miƙa masa waya, wai a duba masa ko kuɗi sun shigo. Wani ma har lambar sirrinsa ta banki yake faɗa wa yaron da babbar murya, jama'a na ji. Wanda Allah ya haɗa da yaro mai amana ya tsira. Wanda bai dace ba kuwa, sai dai ya yi shiru, don kunya ba ta barinsa ya faɗi abin da ya same shi.

Waɗannan mutane ba rashin basira ke damunsu ba. Abin da ya rage musu ɗan kaɗan ne, watau karanta baƙaƙen boko da lambobi, da rubuta sunansu da hannunsu. Amma in aka yi musu zancen shiga aji sai su yi dariya su shafa gemu, su ce ai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

To, wannan magana ba ta yi daidai da al'adar Arewa ba. Kowa ya san makarantar zaure, inda magidanta masu furfura suke zama gaban malami bayan asuba ko tsakanin magariba da lisha, wannan da Ahalari, wancan da Iziyya, wani ya kai Risala, wani Muhtasar. Ba a tambayar shekarun mutum a can, ba jarrabawa, ba ranar gamawa. Mutum yana iya fara littafi yana da shekara sittin, ba wanda zai ɗaga kai ya dube shi. Wannan al'ada kuwa ta biyo fatake har Kudu. Unguwar Sabo ta Badun, wadda aka kafa tun 1916, ba ta taɓa rabuwa da malamai da ɗalibansu manya ba, haka nan Agege da Idi-Araba a Ikko.

Mata ma ba a bar su baya ba. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta tsara ƙungiyar 'Yan Taru. Takan zaɓi mace dattijuwa mai hankali ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar muƙami, ita kuma ta riƙa jagorancin matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu, su koma su koyar da na gida. Abin lura a nan shi ne tsofaffi ta dogara da su, domin su ne suka sauke nauyin goyo, su ne kuma ake jin maganarsu.

Karatun boko na manya ya zo daga baya. A cikin shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwa a garuruwa da ƙauyuka ta hannun En'e-En'e, Malam Ahmadu Kumasi na Katsina yana cikin manyan jagororin aikin. An kuma kafa hukumar NORLA a Zariya don buga ƙananan littattafai da jaridun larduna cikin sauƙaƙan kalmomi, irin su Sodangi ta Kano, Himma ta Katsina, Zaruma ta Sakkwato da Bazazzaga ta Zariya. Masu tsarin sun gane abu guda da ake yawan mantawa yanzu: babban mutum in ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba, kafin damina biyu karatun ya zube.

Sai dai sunan kansa ya yi wa aikin lahani. Mutumin da ya haddace Alƙur'ani, yana rubuta wasiƙa da ajami, yana karanta rubutun ajamin da ke jikin takardar kuɗi, a ce masa ya zo a yaƙi jahilcinsa? Da yawa sun ƙi zuwa saboda wannan kalma kawai, kuma ba za a ga laifinsu ba.

An sake tayar da aikin a 1980, sa'ad da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya kafa Hukumar Ilmin Manya ta Jihar Kano, wadda ta sami lambar yabo ta UNESCO a 1983. Shugaba Shehu Shagari ya ƙaddamar da gangamin koyar da manya na ƙasa baki ɗaya a 1982, sa'an nan a 1990 aka kafa hukumar tarayya mai kula da wannan fanni. Jihohin Kudu su ma suna da nasu hukumomin, har da Ikko da Oyo. Wanda kuma ya riga ya yi sakandare yana son ƙari, akwai jami'ar karatu daga gida, NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita zamanin Obasanjo. Shi kansa Obasanjon a can ya kammala digirin dakta a ƙarshen 2017, yana da shekara 80.

Amma fa dattijon Arewa da ke zaune a Kudu ya faɗa tsakani. Hukumar jiharsa tana can gida, ba ta san da shi ba. Ajin da ke kusa da shi kuwa galibi da Yarabanci ko Ibo ko Turanci ake koyarwa, shi kuma ɗan abin da yake ji na ciniki ne kawai. In ya daure ya je, sai ya tarar da kansa a benci ɗaya da samari 'yan shekara ashirin masu neman takardar shaida, malami yana gudu don ya cim ma manhaja. Rana ɗaya aka yi masa dariya, shi ke nan, ba ya komawa.

Ajin da zai riƙe dattijo daban yake da wannan. Da farko dai lokaci. Ɗan kasuwa ba ya samuwa sai bayan lisha, mai gadi kuwa da dare yake aiki, nasa lokacin hantsi ne bayan ya ɗan runtsa. Masu zuwa cin rani suna komawa gida da faɗuwar ruwan fari, saboda haka karatun da aka tsara na wata tara a jere ba nasu ba ne. Gara a yanka shi gajere-gajere, wanda ya tafi noma in ya dawo ya ɗora daga inda ya tsaya. Sai kuma ido. Da yawan waɗanda ake cewa kansu ya toshe, ba kan ba ne, ƙananan baƙaƙe ne ba sa gani, kuma tabarau mai araha da allo mai manyan haruffa da fitila mai haske sun isa su warware matsalar.

Game da abin da za a koyar, ba dabara ba ce a sa mai jikoki rera a, ba, ca kamar ɗan aji ɗaya har wata guda. A fara da sunansa da na garinsu, ya ga ya rubuta da hannunsa tun makon farko. Daga nan a shiga lambobi, a shiga saƙon banki: ina adadin kuɗin yake, ina sunan wanda ya aiko, yaya ake bambanta saƙon gaske da na 'yan damfara. A koya masa karanta rasit, da takardar haya, da rubutun da ke jikin maganin hawan jini ko na sukari, ƙwaya nawa, sau nawa a yini. Wanda ya iya ajami kuwa rabin aikin ya ƙare, don ya riga ya san yadda baƙi da wasali suke haɗuwa su ba da kalma. Malami mai wayo sai ya jera masa rubutun biyu gefe da gefe. Malamin kuma ya san da wa yake magana. Baba ne, ko Alhaji, ko Malam, ko Inna, ba a kiran sunansu gatsau, ba a tsayar da su gaban allo don a kunyata su.

Ga tsofaffin mata masu tuwo da waina da fura a zango, ajin ya fi karatu. Islamiyyun matan aure da suka yaɗu tun shekarun 1980, wasu a ƙarƙashin ƙungiyoyi irin su FOMWAN da aka kafa a 1985, sun nuna cewa mace mai shekara sittin tana zuwa aji ba fashi in ta sami sa'o'inta a can. Wurin ya zama na zumunci, a yi adashi, a san wadda ba ta da lafiya a je dubiya. Ga wadda 'ya'yanta suka watse, danginta suna can Arewa, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kayan aikin duk suna nan a zango. Akwai zauren Sarkin Hausawa, akwai ajin Islamiyya da ke zama ba kowa bayan yara sun tashi, akwai 'ya'yan unguwa da suka gama sakandare suna jin Hausa da harshen gari. Ƙungiyoyin 'yan goro, 'yan shanu da 'yan gwari da suke tara kuɗin mako ba za su gaza biyan alawus ɗin malami ɗaya da kuɗin alli ba. In mutum goma sha biyar ko ashirin suka rubuta sunayensu, shugabannin unguwa suna iya kai takardar ofishin ilmi na ƙaramar hukuma, su nemi a yi wa ajin rajista a ƙarƙashin hukumar ilmin manya ta jihar, su kuma faɗa tun farko cewa malami mai jin Hausa suke so.